Ranar Sauƙi Ce Take Kayar da Ke

Assalamu alaikum Adda. Ni mace ce mai shekara 47, a Garwa ta Kamaru nake aure, 'ya'yana shida. Sana'ata ƙosai da kunun gyaɗa, safe da yamma, a ƙofar gida. Shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon ƙugu da gwiwar dama. Na je asibiti an yi mini hoto, likita ya ce gaɓɓan ne suka zaizaye, ba sa warkewa sai dai a lallaɓa. Tun daga ranar ban koma ba. Yanzu shara, wanki, tsugunno a bayan gida, har sujada, duk sun zame mini aiki. Ranar da na tashi da sauƙi sai in yi ta aiki don in biya bashin kwanakin da na kwanta, washegari kuma in kasa tashi. Abokiyar zamana ta ce ciwona ya san ranar girki. Uwar mijina ta ce a zamaninsu da ciwon suke daka. Maigida bai ce komai ba, shirun nasa ya fi damuna. Akwai mai tallan magani da yake haɗa mini ƙwayoyi na sefa 500 kullum, ciki har da tramol, kuma in ban sha ba jikina ba ya yi mini daɗi. Ina jin kunyar yin sallah a zaune a gaban mutane. Adda, in bar sana'ar ne in kwanta in huta har in warke? Ko kuwa raki ne da ni kamar yadda ake faɗa?

Ƙanwarki, daga Garwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne.

Ba raki ba ne. Matar da take tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta zauna gaban kaskon mai shekara da shekaru, har a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, ba ita ake kira mai raki ba. Matsalar ciwonki dai ba a ganinsa. Da karaya ce aka ɗaure ki da karare, da kowa ya shigo yana sannu, har da masu kawo kunu. Ciwon ƙugu kuwa ba jini ba kumburi, yau a gan ki kina shanya gobe a gan ki a kwance, sai mai kallo ya yanke hukuncin da ya fi masa sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon baya, kuma babu larurar da ta kai shi hana mutane aikin yau da kullum. A sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a Janairun 2022, ciwon da ya wuce wata uku yana da nasa gurbin a matsayin larura mai zaman kanta. Naki ya shekara huɗu.

Amma kada ki kwanta. Na san ba amsar da jikinki yake so ba ke nan. Kwanciyar yini ɗaya idan ciwo ya motsa sosai ba laifi, amma kwanciyar makonni ita ce hanya mafi sauri ta zama abin da kike tsoro. Naman cinya da na ƙugu su ne suke ɗauke wa gaɓɓai nauyi. In an daina amfani da su sai su saki, gaɓar ta sandare, nauyin jiki ya ƙaru, ranar da kika ce za ki tashi ki tarar abin da kike yi da kyar a da yanzu ya gagare ki gaba ɗaya.

Maganar likita ce nake ganin ta karya miki gwiwa, don kin ji "ba sa warkewa" kika ɗauka an rufe ƙofa. Gaskiya ya faɗa ta wani ɓangare: guringuntsin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Sai dai abin da ke cikin hoto daban, zafin da mutum ke ji daban. Mata da yawa sa'anninki in aka yi musu hoto za a ga irin zaizayewar nan, kuma suna harkokinsu ba sa jin komai. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa sukan saba da kai ƙara, ta yadda ɗan sunkuyo, ko daren da ba a yi barci ba, ko ɓacin rai, ya isa ya tayar da zafi. Zafin na gaske ne, ba ƙirƙirarsa kika yi ba. Amma ba kowane zafi ne yake nufin wani abu ya ƙara lalacewa a ciki ba. Hoton ba zai canza ba, zafin kuwa yana iya raguwa ƙwarai.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau. A wasiƙarki ke da kanki kin faɗi abin da yake kayar da ke, ba ki lura ba. Ba ranar ciwo ba ce, ranar sauƙi ce. Kin tashi garau, sai ki tuna wankin da ya taru, da habaicin da aka yi miki jiya, sai ki ce yau sai an ga ko ke wace ce. Ki wanke, ki share, ki surfa wake, ki kwashe ɗaki, ki yi suyar safe da ta yamma. Washegari ki kwanta kwana biyu ko uku. Kwanciyar ta rage miki ƙarfi, aiki ya sake taruwa, habaici ya ƙaru, ranar sauƙi ta gaba ki sake afkawa. Kowane zagaye yana barin ki ƙasa da inda ya same ki.

Ke 'yar kasuwa ce, kin fi ni sanin wannan lissafin. Ranar da ciniki ya yi kyau ba a kwashe riba har da uwar kuɗi a kashe, don gobe da me za a auno wake? Ƙarfin jikinki shi ne uwar kuɗin, kuma duk ranar sauƙi kina cinye ta. Abin da za ki koya shi ne ki daina bari ciwo ya zama shi ke gaya miki lokacin tsayawa. In kin jira sai ya yi magana, kin riga kin makara.

Ga yadda ake yi. Mako guda ki lura da agogon wayarki: minti nawa kike iya zama gaban kasko kafin ƙugun ya fara, minti nawa a tsaye, tafiyar ina zuwa ina. A ce minti 25 ne na zaman. To daga yanzu a minti 20 za ki riƙa miƙewa, da ciwo ko ba ciwo, ki ɗan taka zuwa zaure ki dawo, ko ki jingina da bango ki miƙe bayanki, sannan ki koma. Ki sa wayar ta riƙa yi miki ƙara, don idan masu saye suka yi layi mantawa za ki yi. Wanki kuma ki raba shi: kala biyar yau, kala biyar jibi, maimakon tulin mako a zama ɗaya. Abin da zai fi ba ki wuya shi ne ranar da kika ji kamar ba ki taɓa ciwo ba, ga ƙarfi ga aiki a gabanki, ki tsaya a ma'aunin nan duk da haka. A ranar da jikin ya yi nauyi kuma, kada ki sauka ƙasa da shi sosai, ki yi ko da rabi ne. In kin yi mako guda ma'aunin bai kayar da ke ba, sai ki ƙara minti biyu ko uku. Yadda za ki gane kin wuce gona da iri: idan zafin da aiki ya tayar ya lafa kafin washegari, kina kan hanya. Idan ya kwana ya yini yana nan fiye da yadda yake, ki rage kaɗan, amma kada ki bari gaba ɗaya.

Salloli biyar sun riga sun yanka miki yini. Tsakanin kowace sallah da mai bi mata, aiki mai nauyi ɗaya kawai, sauran masu sauƙi, da ɗan hutun minti goma a kwance. Hutun da kika tsara da kanki tun da ƙarfinki ya fi wanda ciwo ya tilasta miki amfani.

Sai motsa jiki, wanda na san za ki ce ai aikin gida ma motsa jiki ne. Ba ɗaya ba ne. Aikin gidanmu kusan duk a sunkuye ake yin sa, wuri ɗaya yake ci. Abin da gwiwarki take buƙata shi ne naman cinya ya yi ƙarfi. Ki zauna a kujera, ki miƙe ƙafar sambal, ki ƙirga biyar, ki sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa, safe da dare. Ki tashi daga kujera ki koma ki zauna ba tare da dafa gwiwa ba, gwargwadon iyawarki. Ki riƙa ɗan takawa da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, ko da zuwa ƙarshen layi ne. In akwai ƙiba, rage ta yana taimakawa fiye da yadda ake zato, don kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Ban ce ki yi yunwa ba. Amma na san mai suyar ƙosai ba ta rasa ɗanɗano, kuma na san yadda muke zuba sukari a shayi a garin nan.

Gidan ma sai an gyara shi ya dace da jikin da kike da shi yanzu. Komai namu a ƙasa yake: murhu a ƙasa, baho a ƙasa, tsintsiya taƙi biyu, kujera 'yar tsugunne. Mai ciwon ƙugu da gwiwa kuwa ƙasa ce abokiyar gabarta. Ki ɗaura tsintsiya a jikin sanda ki yi shara a tsaye, duk wanda zai yi dariya ya yi. Bahon wanki ya hau benci. A samo magini ya ɗaga miki murhun suya da bulo da laka yadda za ki zauna a kujera mai tsayi mai majingini, kaskon yana daidai hannunki. Na ce magini, ban ce a jera duwatsu ba, saboda tafasasshen mai ba abin wasa ba ne ga yara suna kai-kawo. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, ki daina ɗaga ta. In dole ce, a raba ruwan gida biyu ki riƙe a hannu biyu, kusa da jiki. Goyon jika ma ki haƙura da shi, ki ɗora shi a cinya.

Bayan gida ne mutane ke jin nauyin faɗa, ke kin faɗa, na gode miki. Kafinta zai iya yi miki kujerar katako mai rami a tsakiya da za a ɗora a kan masai, wasu ma kujerar roba suke hudawa. A kafa ƙarfe ko a ɗaura igiya mai ƙwari a bango wadda za ki kama ki miƙe. Wanka da alwala a zaune kan abu mai tsayi, da ruwan ɗumi lokacin hunturu. Tashi daga shimfiɗa kuma ki fara juyawa gefe, ki sauke ƙafafu, ki tura jikinki sama da hannu. Matashi tsakanin gwiwoyi yana rage wa ƙugu ja da dare. In tafiya mai nisa ta kama, sanda ba tsufa ba ce, kuma a hannun hagu za ki riƙe ta tunda gwiwar dama ce mai ciwon.

Batun sallah. Ƙanwata, kunyar wa kike ji? Imrana bin Husaini, Allah Ya yarda da shi, yana fama da basir ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi sallah. Aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Buhari ya ruwaito. Shi kansa Annabi, da ya faɗo daga kan doki ya ji rauni, a zaune ya yi sallah a gaban sahabbansa. Kuma ya zo a hadisi cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi lokacin da yake lafiya. Ki tsaya inda za ki iya tsayawa, ki zauna inda ba za ki iya ba, ki yi nuni, sunkuyon sujada ya fi na ruku'u. Malamar Islamiyyarku za ta nuna miki dalla-dalla. Abin da ba na so shi ne ki riƙa jinkirta sallah har lokaci ya fita don kina jiran tsakar gida ta watse, ko ki yi sujadar da hankalinki duk yana kan yadda za ki ɗago.

Yanzu ƙwayoyin nan. A duk wasiƙarki nan ne hankalina ya fi tashi, fiye da ƙugun.

Kin ce in ba ki sha ba jikinki ba ya yi miki daɗi. Ki lura, ba ki ce ciwon ne yake dawowa ba. Wannan alama ce jikinki ya saba da tramol. Ba zagi ba ne, ba kuma na haɗa ki da samarin da ke sha a bakin tasha ba. Haka maganin yake yi wa duk wanda ya daɗe yana sha, malami ne ko jahili, domin dangin mofin ne, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe zafi da jiki ke sabawa da shi. Wanda likita ke rubutawa galibi miligiram 50 ne, kuma galibi ba a wuce 400 a yini. Na hannun 'yan talla akwai mai 120, akwai mai 200, akwai mai 225, kuma ba mai iya rantse miki cewa abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Yana iya sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ke kuma gaban wuta da mai kike yini. Wani abin takaicin, irin waɗannan magunguna in an daɗe a kansu sukan ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi, sai mutum ya ƙara yawan abin da yake sha yana neman sauƙin da maganin ne da kansa yake janyewa. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce kada a riƙa amfani da wannan rukunin magunguna, haka ma ɗamarar ƙugu da ake sayarwa. Abin da ta ƙarfafa shi ne motsa jiki, da ilimantar da mai ciwon, da tausa da makamantansu.

Duk da haka kada ki karanta wannan ki yanke shi yau. In an tsayar da shi kwatsam yana kawo gumi, rashin barci, gudawa, ciwon jiki da rashin natsuwa, har mutum ya koma da gudu yana cewa ashe maganin ne yake riƙe da shi. A hankali ake rage shi, mako bayan mako, a hannun likita.

Ba tramol kaɗai ke cikin ƙullin ba, shi ne kawai kika san sunansa. Irin wannan haɗin yawanci ba ya rasa diklofenak ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun, alhali ba a haɗa su. Suna rage zafi, gaskiya ne, amma shan su kullum na shekaru yana cin ciki har ya yi gyambo, yana tayar da hawan jini, yana taɓa ƙoda, musamman ga mai yini tana zufa gaban wuta ba ta shan isasshen ruwa, ko mai haɗiyarsu da sahur ta yini da ƙishi a watan azumi. In kin taɓa ganin bayan gidanki ya yi baƙi ƙirin, ko ƙafafu suna kumbura, kada ki jira komai, ki tafi asibiti. Sau da yawa kuma akan saka 'yar ƙaramar ƙwayar nan deksa, irin wadda wasu 'yan mata ke sha don su ciko. Tana sa mutum ya ji wasai kwana biyu, amma tana kumbura fuska, tana jawo ciwon sukari, tana rage ƙwarin ƙashi, wato tana rusa abin da kike neman gyarawa. Ita ma ba a yanke ta rana ɗaya in an daɗe ana sha. Shi ya sa nake so ki ɗauki ƙullin yini guda yadda yake, ki ce mai maganin ya ba ki kwalayen ko takardun da ya ɓallo su, ki kai wa likita ki faɗa masa tsawon lokacin da kika yi kina sha, ba ragi. Ki nemi a auna miki jini da sukari, a duba ƙoda. Ki tambaye shi maganin shafawa na gwiwa, don na shafawa bai kai na sha illa ga ciki ba. Farasitamol ma yana da iyaka: babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya takwas masu 500, kuma yawancin haɗe-haɗen nan akwai shi a ciki.

Kafin ki ce ba kuɗin asibiti, yi lissafi: sefa 500 kullum, 15,000 ke nan a wata, 180,000 a shekara. Ki nemi a tura ki wurin masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda ake ce wa kine. Ba sai kin yi ta zarya ba. Zuwa kaɗan ya isa su duba ki su koya miki motsin da ya dace da jikinki, ki ci gaba a gida.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba na so ki zauna a kan hoton shekara huɗu da suka wuce. Ba kowane ciwon ƙugu ne zaizayewa ba. Idan kina ramewa ba dalili, ko zazzaɓi da gumin dare, ko ciwon ya fi tsanani da dare har ya hana barci ko ya kika juya, a bincika. Tarin fuka yana kama ƙashin baya ko da mutum ba ya tari, kuma yana da magani. Akwai cutar da ake ɗauka daga nonon shanu ko na awaki da ba a tafasa ba, mai kawo zazzaɓi yana zuwa yana komawa da ciwon ƙugu, mu kuwa nan ƙasar nono ce. Idan gaɓɓan yatsun hannu biyu suna kumbura, suna sandarewa da safe fiye da awa guda, wannan wani ciwon ne daban da nasa maganin. Wanda ba a kwana da shi kuwa: ƙafa ta saki, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba kya jin taɓawa, ko fitsari da bayan gida su riƙa zuwa ba ki sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

Na gargajiya ba zan tsawaita ba. Gashi da tsumma mai ɗumi da tausa da man kaɗanya, ki yi abinki. Tsaga da ƙuna ban yarda da su ba, tabo kawai suke ƙarawa, ga haɗarin aska ɗaya a jikin mutum goma. Jiƙon da ba ki san abin da ke ciki ba ki bar shi, ƙodarki ta riga ta sha aiki. Addu'a kuwa ki riƙe ta hannu biyu tare da magani.

Saura mutanen gida. Da maigida za ki fara, kuma ki daina fassara shirunsa. Namiji da yawa in ya ga abin da bai san yadda zai gyara ba, shiru yake yi. Wataƙila fushi ne, wataƙila tsoron kuɗin asibiti ne, wataƙila tausayi ne da bai san inda zai ajiye ba. Ba za ki sani ba sai kin buɗe maganar. Ranar da yake ɗakinki, bayan ya ci ya natsu, kada ki fara da ƙarar kowa. Ki ce, "Malam, ciwon nan ina so in koma asibiti, kuma ina so ka raka ni ka ji da kunnenka. Abu biyu nake roƙo, magini ya ɗaga mini murhu, kafinta ya yi mini kujerar bayan gida." Roƙon da yake da suna da farashi ya fi "ba ka damu da ni ba" saurin samun amsa. In ya ji daga bakin likita, shi zai faɗa a gida, kuma maganarsa ta fi taki nauyi a kunnen mahaifiyarsa. In ciwon yana taɓa zamanku na shimfiɗa, shi ma ki faɗa masa a sarari cewa ƙugu ne ba ƙi ba ne, ku nemi yanayin da ba ya takura ki. Gidaje da yawa sun yi tsami a kan wannan don kowa ya yi shiru yana zargin ɗan'uwansa.

Abokiyar zamanki kuwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, maganarta da ɗaci amma ba ƙarya ce zalla ba. Ciwonki ya san ranar girki mana, tunda ranar ce kike tuƙa tuwon mutum goma sha a kan suyar safe da yamma. Kuma duk ranar da kika kwanta, kanta aikin yake faɗawa ba shiri, ba wanda ya tambaye ta ko ita ma da nata uzurin. Abin da ke ƙona mata rai ke nan, rashin sanin yaushe. Ki same ta ku biyu, ki fara da godiya a kan kwanakin da ta rufa miki asiri, sannan ki kawo ciniki: ita ko wata 'yar aiki da za ki biya ta ɗauki tuƙi da ɗaga tukunya a ranakunki, ke kuma ki ɗauki ayyukan zaune a ranakunta, tsintar shinkafa, gyaran ganye, yankan kuɓewa, kitson 'ya'yanta. Mai yin kaɗan kullum ba fashi ta fi daɗin zama da mai yin aikin mutum uku yau ta ɓace kwana uku. In ta karɓa, alhamdu lillahi. In ta ƙi, kin dai fita haƙƙinta, kuma maigida ya ga wadda ta nemi sulhu.

Uwar miji ba a jayayya da ita. Ki ce, "Gaskiya ne Dada, ku an yi ku da ƙarfi, a taya mu da addu'a," ki wuce. Tsakanina da ke dai, da ciwon suka yi daka, amma a gida mai hannu da yawa, kuma ki dubi yadda da yawansu suke tafiya yau.

'Ya'ya shida ba ƙaramin arziki ba ne, amma ki raba aikin da adalci. Abin da na saba gani shi ne uwa ta kwanta, sai babbar 'ya mace ta zama uwar gida, makaranta ta fara fashi har ta bari. Kada ciwonki ya ci karatunta. Samarin su ɗebo ruwa, su kai markaɗe inji, su ɗaga itace da buhun wake. Ba abin da zai ragu a jikinsu.

Kada kuma ki janye daga mutane. Biki da suna ki je, ki zauna a kujera, ki yi awa guda ki dawo, aikin tukwane ki bar wa masu ƙugu. In kin ga kina yawan kuka, barci ya ƙaurace, abin da kike so a da duk ya fita ranki, shi ma ki faɗa wa likita. Daɗaɗɗen ciwo da damuwa suna ciyar da juna, kuma dukansu ana taimakawa.

Sana'a kada ki bar ta. Ita ce kuɗin hannunki, ita ce hirarki da unguwa, ita ce dalilin da ke tashe ki da safe. Amma suya biyu a yini ta yi wa jikin nan yawa a yanzu. Ki zaɓi ɗaya. Masu zaizayewar gaɓɓai galibi sun fi jin dama da safe in jiki ya ɗan warware, ciwon ya fi taruwa da yamma, don haka ni ta safe zan ce ki riƙe, sai dai in cinikin yamma ya fi kuma jikinki ya yarda. Surfen wake da bugun ƙullu ki ba wata ki biya ta, kunun kuma a dama a tukunyar da ba sai kin ɗaga ba. Ribar za ta ragu da farko, amma ki ƙirga kwanakin da kike rufewa gaba ɗaya yanzu, masu saye suna komawa wurin wata.

Ki sami ɗan littafi, ko ki sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙa rubuta miki: abin da kika yi yau, minti nawa, me kika sha, yaya kika tashi washegari. Ki tafi da shi asibiti tare da ƙullin ƙwayoyin da tsohon hoton. Bayan wata biyu ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da gwajin ƙoda ya nuna da kuma inda aka kai da rage tramol ɗin. Allah Ya ba ki lafiya, ki gaida yaran.